KUƊIN "RAYA AL'ADU" A MAJALISUN BIRANENMU: KIƊAN YINI ƊAYA KO ƊAKIN KARATU?

  

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, a ranar 11 ga watan Yuli na shekarar 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukuncin cewa kason da ƙananan hukumomi 774 ke samu daga asusun tarayya dole ne a riƙa miƙa musu shi kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Ta kuma haramta wa kowane gwamna ya rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma a madadinta. Wannan kaso kuwa kashi 20.6 ne cikin ɗari na abin da ake rabawa. Ko da yake aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa, amma ya sa jama'a sun fara tambayar shugabannin ƙananan hukumomi da kansilolinsu labarin hanya da asibiti da ruwan sha, kuma hakan ya yi daidai.

Sai dai akwai wani kuɗi da kusan kowace majalisa ke warewa duk shekara da sunan "raya al'adu", wanda ba mu cika jin wani ya tambayi inda ya shiga ba. Wasu daga cikinmu na ganin abin bai kai a tsaya a kansa ba. Wasu kuma da sun ji kalmar "al'ada" sai su kau da kai, su ce sha'anin makaɗa ne da 'yan rawa, babu ruwan mai addini da shi. Mu a ganinmu wannan kau da kai kuskure ne babba. Kuɗin nan dukiyar jama'a ce, amana ce a hannun majalisa, kuma da shi ne ake yanke shawarar abin da birni zai tuna da abin da zai manta. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, ya wajaba a karkatar da shi daga shagalin yini ɗaya zuwa ga abin da zai daɗe yana amfanar talaka a unguwarsa, kuma mu ne ya kamata mu shige gaba wajen neman haka.

ME AKE KIRA AL'ADA?

Duk wanda ya taɓa halartar abin da ake kira "ranar al'adu" a sakatariyar wata ƙaramar hukuma ya san yadda abin ke gudana. Za a kafa rumfuna, a jera kujeru masu taushi a gaba domin manyan baƙi, a ɗinka wa 'yan rawa anko, a ɗauko makaɗa da maroƙa da sanƙira su yi ta wasa shugaban majalisa da ubangidansa na siyasa, a yi liƙi, a raba shinkafa da lemo, kafin Magariba an watse. Washegari ba abin da zai rage a filin sai ledoji da kwalabe. Shi kuwa talakan da aka fitar da kuɗin da sunansa, yana can bayan igiya cikin rana, ana korarsa da dorina.

Wannan fahimta ba yau ta fara ba. Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu na 1977 Nijeriya ta karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka fi sani da FESTAC, lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara. An yi mafi yawan bikin a Legas, aka yi gagarumin hawan daba a Kaduna, aka gina katafaren otal ɗin Durbar domin saukar baƙi. Otal ɗin nan daga baya ya zama kufai shekara da shekaru, har aka rushe shi a watan Janairu na 2020. A ganinmu tun daga wancan biki ne ma'aikatan gwamnati daga sama har ƙasa suka ɗauki cewa al'ada ita ce abin da ake yi a fili a gaban baƙo, da kalangu da rawa, a tashi.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa ana la'akari da al'adar mutane matuƙar ba ta ci karo da Shari'a ba. Hawan doki da kokawa da langa da tatsuniya da karin magana da saƙa da rini da ginin ƙasa, duk gadonmu ne, ba mu ƙyamar ko ɗaya daga ciki. Da hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada a watan Disamba na 2024, kamar yadda ta sanya bikin kamun kifi na Argungu a 2016, ba mu ga abin baƙin ciki ba. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauki kuɗin baitulmali a shirya wasan bori domin nishaɗin baƙi, ko a tara 'yan mata a yi ta juya su a gaban manya, ko a biya maroƙi ya yabi wanda aka zaɓa domin ya yi aiki tun bai yi aikin ba. Ma'auninmu tambayoyi ne guda uku: Shin abin halas ne? Wa ya amfana da shi? Me ya rage bayan an tashi?

ABIN DA AKA SABA DA ABIN DA DOKA TA CE

Dattawan da suka ga zamanin En'e sun san cewa hukumar gari ta taɓa ɗaukar karatu a matsayin aikinta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hukumomin En'e a Arewa suka buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa. Manufar Turawa da farko ita ce jama'a su ji labarin yaƙi ta bakinsu, amma ɗakunan sun wuce wannan manufa, domin a cikinsu malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa suka riƙa samun jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. A shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zazzau, kafin a rufe ta a 1959. En'e tana da laifuffukanta waɗanda tarihi bai ɓoye ba, amma a wannan fanni ta san cewa da kuɗin haraji ana iya kai takarda hannun talaka.

Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e, ƙa'idojin da gwamnatin tarayya ta fitar sun lissafa ɗakunan karatu da wayar da kan jama'a cikin ayyukan da ƙaramar hukuma za ta yi tare da jiha. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗora mata kula da kasuwanni da maƙabartu da lambuna da filayen shaƙatawa, da kwashe shara, da raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba, da sa ido a kan allunan talla, da sa hannu cikin ilimin firamare da ilimin manya da koyar da sana'a. Gaskiya ne jadawalin bai ambaci ɗakin karatu da sunansa ba, amma ilimin manya ba ya yiwuwa sai da littafi da wurin zama. Abin lura kuma shi ne, babu inda jadawalin ya ambaci shirya biki ko ɗaukar nauyin 'yan rawa. Ashe ke nan abin da majalisunmu suka fi ƙwazo a kai shi ne wanda ba a lissafa musu ba, wanda aka lissafa musu kuwa sun yi masa riƙon sakainar kashi.

BIRNIN KANO A MATSAYIN MISALI

Bari mu ɗauki Kano, domin abin da ya same ta shi ke samun Katsina da Zariya da sauran tsofaffin biranenmu. Kano ba ta da majalisar birni guda ɗaya. Ƙananan hukumomi takwas ne suka raba ta: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Tsohon birnin da ke cikin ganuwa shi kansa ya kasu tsakanin ukun farko.

Mu fara da ganuwa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashinta, aka ƙara faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Da sojojin Ingila suka iso a watan Fabrairu na 1903, girmanta ya ba Lugga kansa mamaki. A 2007 aka shigar da ita jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su. Amma duk wanda ya zagaya badala ya ga inda aka haƙe ƙasarta aka yi tubali, da inda aka yanka fulotai a kanta, da inda ta zama juji. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya, daga baya aka gina wata a madadinta. Dalilin wannan lalacewa ba ɓoyayye ba ne. Ganuwar a doka tana hannun hukumar gidajen tarihi ta tarayya, wadda kuma ke riƙe da Gidan Makama. Ikon rabon fili a cikin birni yana hannun gwamna, bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978. Shara kuwa aikin ƙaramar hukuma ce. Kowa na nuna ɗan'uwansa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba mu ce ƙaramar hukuma na da ƙarfin sake gina ganuwa ba, amma tana da ƙarfin hana zuba mata shara, kuma kansilanta ne da mai unguwarta ke fara ganin wanda ya kafa mata diga.

Na biyu, littattafai, kuma wannan ya fi ci mana rai. A Kano Shehu Maghili ya zauna a zamanin Rumfa ya rubuta masa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. A Kano Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya tsaya a farkon shekarun jihadi ya karantar, ya wallafa Liya'ul Hukkami bisa roƙon mutanen gari. A unguwanni irin su Madabo da Sharifai da Salga an yi ƙarni bayan ƙarni ana kwafar littattafai da tawada da alƙalamin kara. Ina waɗannan takardu suke yau? Da yawansu suna cikin adaka da gafaka a zaure, gara da asu da yoyon damina na cin su. Malami zai rasu, magada su raba kundi ɗaya ganye-ganye kamar ana rabon gona, ko su bar shi a soro har rufin ya faɗo masa. Alhaji Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962, ya bar tarin rubuce-rubuce fiye da 3,000 na Larabci da Ajami. Wannan tari yana can a ɗakin karatun Jami'ar Northwestern a Amurka, an lissafa shi, ana adana shi. Ba mu zargi waɗanda suka adana ba. Kanmu muke tambaya: da ya tsaya a gida, da wace majalisa ce za ta saya masa ko da kabad?

Na uku, sana'o'in hannu. Da matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya iso Kano a 1851, abin da ya fi jan hankalinsa shi ne saƙa da rini, da yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana nan, amma ramuka da yawa an daina aiki da su, matasa kuma sun guje wa sana'ar saboda ba ta ciyar da su a gaban atamfar da ake shigowa da ita daga waje. Ana kai baƙi su ɗauki hoto su tafi. Ga al'ada mai ciyar da iyali, ga koyar da sana'a cikin aikin da tsarin mulki ya lissafa, amma ba a haɗa biyun ba.

DARASI DAGA INDA AKA ARO TSARIN

Tsarin majalisar gari mai kansiloli da kasafin kuɗi daga Ingila muka aro shi, saboda haka ya dace mu duba yadda masu shi suka yi da wannan fanni, mu ɗauki darasi biyu.

Darasi na farko: a 1850 majalisar dokokin Ingila ta yi dokar da ta ba garuruwa masu mutum 10,000 ko fiye izinin karɓar ɗari, wato rabin kwabo, a kan kowane fam na ƙimar gidaje domin buɗe ɗakin karatu na kyauta, in kashi biyu cikin uku na masu biyan harajin da suka jefa ƙuri'a sun yarda. Dokar ma ba ta yarda a sayi littafi da kuɗin ba, sai masu hali su bayar. A 1855 aka ɗaga shi zuwa kwabo guda, aka kuma yarda a sayi littattafai. Birnin Manchesta ya buɗe nasa a 1852. A 1964 aka mayar da abin wajibi a kan majalisu. Da rabin kwabo aka fara, amma rabin kwabon da ake bayarwa kowace shekara ba fashi, shi ya sa ɗan leburan masaƙa ya sami inda zai zauna ya yi karatu.

Darasi na biyu: a watan Satumba na 2013 majalisar birnin Bamingham ta buɗe wani katafaren ɗakin karatu da ya ci kusan fam miliyan 189. Ba a cika shekara biyu ba aka rage lokutan buɗe shi daga awa 73 a mako zuwa awa 40, aka sallami ma'aikata da yawa, saboda kuɗin gudanarwa ya gagara. A watan Satumba na 2023 majalisar ta bayyana cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, a 2024 kuma ta yanke shawarar rage tallafin da take ba ƙungiyoyin fasaha da rabi, sannan ta janye shi gaba ɗaya a shekarar da ke biye. Wannan gargaɗi ne ga shugabanninmu masu son gini mai ɗauke da allon sunansu. Gini ba shi ne hidima ba. Ɗaki guda mai tabarma da fitila da ma'aikacin da ake biya a kan kari ya fi bene mai hawa uku da aka garƙame da kwaɗo.

IN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

Ya ku 'yan'uwa, adalci ne mu juyo kan kanmu. Mun ƙware wajen cewa "a'a". A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a Kano. A 2007 aka tara littattafan soyayya aka ƙona a bainar jama'a. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa bayan malamai da jama'a sun nuna ƙin amincewa. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai, kuma ba su muke son tattaunawa a nan ba. Tambayarmu ita ce, bayan an hana, me aka ajiye a gurbin abin da aka hana? Yarinyar da aka karɓe wa littafi, wane littafi aka miƙa mata? Da aka janye kuɗin Kofa, wa ya tashi daga cikinmu da irin ƙarfin muryar da aka yi amfani da ita wajen hanawa, ya ce to a gina mana ɗakunan karatu da shi? Matashi ba ya zama hannu rabbana. In ba a ba shi wurin zuwa ba, zai nemi nasa a gidan kallon ƙwallo ko a bakin kududdufi wurin 'yan shaye-shaye.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tarar da matan karkara cikin bori. Ba ta tsaya ga tsinuwa ba. Sai ta tsara 'yan taru, ta naɗa jajjai, ta rubuta musu waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, suka riƙa haddacewa suna kai wa mata har cikin ƙauyukansu. Ta ɗauki waƙa, abin da mata suka saba da shi, ta cika ta da ilimi. Wannan hidimar al'adu ce wadda ba ta da sakatariya, ba ta da kaso daga Abuja, amma ta rayu bayan mai ita.

Mun san za a ce mana mutane na fama da yunwa, wa ke ta littafi? Amsarmu ita ce ba sabon kuɗi muke nema ba, wanda ake kashewa a kan rumfa da anko muke cewa a juya masa akala. Za a kuma ce wayar hannu ta maye gurbin ɗakin karatu. To, waya na bukatar caji da kuɗin data, kuma ba ta ba ɗalibin da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa shida wurin da zai natsu. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Ɗan mai hali yana da ita a gida, ɗan talaka kuwa sau da yawa ranar jarrabawa ce ranar da zai fara taɓa ta. Kwamfuta biyar a ɗakin karatun unguwa sun isa su rage wannan zalunci.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, kowace majalisa ta liƙa kasafin kuɗinta a allon sanarwa da harshen da jama'a ke ji, a ga nawa aka ware wa al'adu, a ƙarshen shekara kuma a ga inda ya tafi. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman irin wannan bayani a rubuce. Mu koyi aiki da ita cikin ladabi da naci.

Na biyu, ɗakin karatu guda a kowace mazaɓa. Jihar Kano na da mazaɓu 484, kuma da wuya a sami wadda ba ta da makarantar firamare da ake kullewa da rana. Aji guda ya isa, a sa masa fitila mai aiki da hasken rana, da kabad, da littattafan Hausa da Larabci da Turanci, na addini da tarihi da lissafi da kiwon lafiya da noma, a buɗe shi daga La'asar zuwa bayan Isha'i. A keɓe wa mata ranakunsu da ma'aikaciya mace. A buɗe ƙofarsa ga duk mazaunin unguwa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, na cikin birni da na Sabon Gari, domin kuɗin na kowa ne. Kuma kada a buɗe ko ɗaya sai an tanadi albashin mai kula da shi cikin kasafi.

Na uku, a ƙidaya rubuce-rubucen da ke gidajen malamai. Mutane na tsoron hukuma ta karɓe musu gadon iyayensu, kuma suna da hujja. Saboda haka kada a ɗauke wa kowa takardarsa. A je har gida da izinin mai ita, a ɗauki hotonta, a rubuta sunan littafin da mawallafinsa, a ba mai gida akwatin da gara ba ta ci da kwafin hoton, a bar masa kayansa. Akwai masana wannan aiki a Jami'ar Bayero da Gidan Arewa na Kaduna da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Abin da ake bukata daga majalisa shi ne kuɗin mota da na'ura, da kansilan da zai yi wa masu aikin jagora zuwa zaure.

Na huɗu, majalisun da ganuwa ta ratsa su zauna tare su yi doka guda ta hana zuba shara da haƙar ƙasa a jikinta, su ɗora wa masu unguwanni alhakin kai rahoto. A kafa allo a kowace ƙofa mai bayanin tarihinta da boko da ajami. Ikon raɗa wa tituna suna kuma a yi amfani da shi wajen tunawa da malamai da marubuta da masu sana'ar da suka yi wa gari hidima, maimakon wanda ke kan kujera yau.

Na biyar, a biya marina da dukawa da maƙera da magina ladan koyar da yara, a ba yaron da ya kammala jarin farawa. Majalisa kuma ta fara da kanta: kyautar da za ta ba baƙo da labulen ofishinta su fito daga hannun masu sana'ar garin.

Na shida, in za a yi taro, a yi wanda zai bar wani abu a baya. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a 1986, ta nuna yadda gasa ke zaburar da yara tun daga matakin ƙaramar hukuma. A yi irinta a rubutacciyar waƙa, fagen da su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu da Aliyu Namangi suka yi fice, da gajeren labari, da kyawun rubutun hannu, da tarihin unguwa daga bakin tsofaffi tun suna raye. A buga abin da ya yi nasara a raba wa ɗakunan karatun nan.

NAMU ALHAKIN

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga 'yan'uwa a kowace mazaɓa su wakilta mutum uku, cikinsu har da malamin makaranta, su je wurin kansilansu da takarda a hannu tun kafin a gabatar da kasafin shekara mai zuwa, su nemi aji guda da fitila da albashin mutum ɗaya. In an ba su, su cika kabad ɗin da littattafan da ke kwance a gidajenmu ba mai buɗewa, masu hali kuma su yi waƙafi. In an hana su, su rubuta ranar da sunan wanda ya hana, su koma bayan wata guda. Ɗalibanmu da suka iya kwamfuta su ba da awa biyu a mako. Waɗanda ke da littattafan kakanni a gida su zama na farko da za su buɗe adakarsu, domin maƙwabta su ga ba a ƙwace wa kowa komai ba.

Ga shugabannin majalisu da kansiloli kuma, nasiharmu ita ce su tuna wa'adin kujera gajere ne, kuma za a tambaye su a kan kowane kwabo, in ba a nan ba, to a gaban Wanda ba a ɓoye masa rasit. Maroƙin da ya wasa ku bana shi zai wasa wanda ya gaje ku baɗi, da kirari iri ɗaya. Yaron da ya ci jarrabawa a ƙarƙashin fitilar da kuka sa kuwa, shi da iyayensa ba za su manta ba.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya ba mu ikon faɗa musu gaskiya da taimaka musu a kanta, Ya sa mu bar wa na baya abin da ya fi wanda muka tarar.